Amfiya Talatin

A gefen garin Yuma, fili na sha bakwai,
muka kafa gidanmu mai taya shida,
ni da Orval da karen da ya tsufa tare da mu.
Akwai ɗan turken ƙarfe a gindin dabino,
an rubuta talatin a jikinsa.
Abin da aka yanka mana ke nan,
ko da kuɗi, ko da kuka.

Na'urar sanyi biyu gare mu a kan rufi.
Ɗaya a gaba, wajen murhu da kujera,
ɗaya a baya, saitin gadon da yake kwance.
Kowacce in ta zauna daidai, sha uku take ci,
amma a lokacin tashi
sai ta wage baki kamar ta kwana uku da yunwa.
In suka tashi tare, ƙas!
Fanka ta yi juyi biyu ta mutu,
zafi ya shigo ko sallama babu.

Ni da na ƙare ƙuruciya ina sayar da kan sarki
a gidan waya na Fargo, ina hura hannu don sanyi,
ga ni da furfura ina koyon lissafin wuta.
Firji na mai da shi kan gas.
Tukunyar ruwan wanka na kashe ta tun Yuni,
bututu ma da kansa yake dafa ruwan.
In zan ɗora kofi,
sai na ba ta gaba haƙuri tukuna.
Taura biyu ba ta taunuwa,
balle a bakin da haƙoransa suka ƙare.

Maƙwabcinmu Dufresne, mai doguwar mota,
hamsin yake ja, na'ura uku ke masa kirari.
Ya ce in sayi wata 'yar aba
mai lallashin inji ya tashi a hankali.
Dala ɗari uku.
Na ce to, na gode.
Kuɗin suna cikin kwalaben da ke kan kanta,
safe biyu, dare ɗaya, bayan abinci.

Litinin, Laraba, Juma'a, wankin ƙoda.
Yakan dawo kamar tsumman da aka matse.
Sai in kashe ta gaba, in ja labule,
in bar masa sanyin duka.
Ni da kare mu zauna da jiƙaƙƙen tawul,
muna sauraron ƙarfen rufi yana ƙara.
A kujera nake kwana.
Gadon ƙarami ne, ga hannunsa mai ciwo.

Daren jiya na farka da sanyi a wuyana.
Iska na sauko mini daga sama.
Can baya shiru.
Na same shi sharkaf da gumi, ido biyu,
ya dafa bango ya zo ya sauya mana rabo.
Na ce, ka haukace ne?
Ya ce, Verna, na ji numfashinki.
Na kunna tasa da fushi, na manta da tawa.
Ƙas!

Ƙarfe biyun dare na fita da tocila.
Kwalta har yanzu tana cizo ta cikin silifa.
Na buɗe murfin turke, na kori wani gizo-gizo,
na tura makunnin sama da babban yatsa.
Na ɗan tsaya.
Motar Dufresne na gurnani, taga a rufe.

Da na koma, na ɗauko matashina,
na kira kare, na ja labule a bayanmu.
Na kwanta ta gefen hannunsa mai lafiya,
rabin jikina a waje.
Sha uku muke ci yanzu.
Ya ce, saura sha bakwai, me za mu yi da su?
Na ce, yi barci.
Da safe zan dafa kofi ba tare da na roƙi kowa ba.