Faci

Tun hantsi ina bakin titin Ɗan Isa,
da famfo, da gam, da daro mai baƙin ruwa.
Ɗan kabu-kabu ya turo babur yana haki:
"Baba Filibus, ban san ta inda take sacewa ba."

Ni ma ban sani ba, yaro.
Ido ba ya ganin hujin ƙaya.
Sai an hura, an danna cikin ruwa,
kumfa ta tona asiri.

Haka ka yi da ni bara, ya Ubangiji,
da Gulbi ya cika ya kwashe mini rogo.
Na ɗauka bangaskiyata ba ta yoyo,
shekara talatin ina bencin gaba ran Lahadi.
Ka danna ni ƙasa, sai ga kumfa:
jika hamsin da ƙanena ya cinye mini,
na ce na yafe, ashe da dare ina ƙirgawa.

Faci ba ya kamawa sai an gurje wurin.
Na sani, sana'ata ce.
Amma da gurzar ta zo kaina
kwana uku ban yi addu'a ba,
Bilhatu na waƙar yabo a madafa, ina jin haushinta.

Jiya na same shi a Tibiri.
Bai ɗauko maganar ba, ni ma haka.
Muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Yaron ya miƙo dala arba'in.
"Zai riƙe?"
Zai kai ka gida yau.
In ta sake sacewa, ka san inda nake.