Masu Toshe Ɓaraka

Shekara talatin Baba Ilu yana ban-ruwa a Auyo.
Ko tsakar dare kunya ta ɓalle,
zai fita da fartanya da tocila,
ya ciko hannu da laka ya danna,
ruwa ya koma hanyarsa, shinkafa ta kwana lafiya.

Ranar Talata, ana cikin dashe,
ya ce an ɗora masa turmi a ƙirji.
Hannun hagu ya yi sanyi,
gumi kamar an tsamo shi a kogi.
Sale na tuƙa babur, Baba a tsakiya, ni a baya,
hularsa ta faɗi a hanyar Haɗeja,
ba mu tsaya ba.

Ni ne ɗansa da ya karanci awon jini.
Ni na shafa ɗigon a gilashi,
na sa ido a madubi.

Ga su nan, 'yan mitsi-mitsi,
kamar tsakuwa cikin wake.
Su ne masu gadin kunyar jiki:
in lauje ya yanke ka, su ke rugowa,
su manne da juna, jini ya tsaya.
Ba don su ba, ƙaya ma ta isa ajali.

Amma na Baba manya ne, sababbin fitowa,
masu zafin nama, masu danƙo.
Jijiyar zuciya ta ɗan tsage ta ciki,
inda kitse ya daɗe kwance kamar kachala a kanal.
Suka ji kira, suka taru,
suka yi ta liƙi,
suka yi ta liƙi,
har hanyar ta rufe ruf.
Gonar da ke ƙasa ta fara bushewa.

Ba ƙeta ba ce. Aikinsu ne ya yi yawa.

Ya dawo hayyacinsa ranar Alhamis.
Na yi masa bayani, na miƙa masa 'yar farar ƙwaya,
na ce wannan za ta rage musu gaggawa.
Ya juya ta a tafinsa mai kanta,
ya daɗe shiru, sannan ya ce:

"Bara waccan na yi wa Tanko haka.
Kunyarsa na je gyarawa, na datse masa ruwa,
albasarsa ta ƙone.
Bai gaishe ni ba har babbar sallah."

Ya kora ƙwayar da ruwan leda.
Ya tambaya ko wani ya tsinci hularsa.