Rinjaye

Ƙarfe biyun dare a Kokomlemle,
ɗaki da sanyi kamar cikin randa,
ni kaɗai da baƙin allo, da ɗan farin layi
yana ƙifta ido, yana jira in yi magana.

Injuna uku nake kiwo.
Oga ya ba su lamba, ni na raɗa musu suna:
Tanko, Gambo, Auta.
Kowace daƙiƙa suna taɓa juna,
"Kana nan?" "Ina nan,"
kamar maƙwabtanmu na Nima ta kan katanga.

Sai aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari kafin ya tashi.
Tanko bai amsa ba.

Na buga umarni, yatsuna sun riga tunanina.
Allo ya ce: biyu cikin uku.
Gambo da Auta suka rufe wa yayansu ƙofa,
ba don ƙiyayya ba,
limami biyu ba sa jan sahu ɗaya.
Gambo ya sa kafaɗa, ya ɗauki kayan.

A tashar mota wani direba
ya tura wa matarsa sidi ɗari biyu zuwa Bawku.
Waya ta yi ƙara, kuɗi sun shiga.
Bai san an yi suma ba.

Na ta da Tanko harafi-harafi,
don kuskuren ɗigo ɗaya ya taɓa cinye mini ranar Sallah.
Ya dawo, ya bi sahun baya.

Da asuba Inna ta kira:
"Mutawakilu, me aka yi a wurin aikin?"
Na ce, "Ba komai."
Ta ce, "Kuma a biya ka?"
Na yi dariya, na fita neman koko.