Motar da Ba Ta Barin Ɗaki

Hankurau ya aiko da kaya daga Abijan,
Kwali cikin kwali, an ɗaure da igiyar roba.
Na zaci rediyo ce, ko murhun gas,
Sai ga faifai baƙi mai nauyin ɗan akuya,
Yana jan wutsiyar waya a baya.

Ya kira da dare: "Baba, hawa za ka yi ka tsaya,
Ita za ta motsa ka." Na ce to.
Wata bakwai ke nan da ƙafar hagu ta yi mini yaji,
Hannun ya bi ta, kamar aparanti ya bi direba,
Suka bar ni da sanda da rabin dariya.

Sahiya ta likita, mai gasa mana gaɓoɓi ran Talata,
Ta zo har gida, ta karanta takardar da ke ciki,
Ta ce minti biyu, kada a ƙara,
Gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu riƙe da kujera,
In kai ya sara a sauka.
"Ba magani ba ce, Alhaji, 'yar rakiya ce."
Na ce ai na san ƙimar ɗan rakiya.

Haulatu jikata ke riƙe da makulli.
Ta danna.
Ashe na san wannan gaisuwa!
Ta shiga ta tafin ƙafa, ta hau ƙwauri, ta zauna a ƙugu,
Haƙoran da suka rage mini suka kama tafi,
Kofin shayi a kan tebur ya ɗauki hanya.

Wannan ai gaban Abalak ne, inda gudro ya mutu,
Inda ƙasa ke yin haƙarƙari kamar saniyar bazara.
Shekara talatin da ɗaya ina bisa kamyo,
Albasa a tafiya, gishiri a komowa,
Nomau na gyangyaɗi a gefe da burodi a cinya.
Na rufe ido: ga ruwan Tabalak yana ƙyalli,
Ga mata da soyayyen kifi suna bugun ƙofa,
Ga Agadas can, fitilunta kamar an watsa tsaba.
"Kaka, lokaci ya yi!"
Na buɗe ido, ga labule, ga buta, ga tsintsiya.

Dā girgiza ake yi mini a biya ni,
Yau ni ke biyan kuran a girgiza ni,
Ban kuma je ko'ina ba.
Maƙwabta sun zo kallo. Arzika tela ya hau,
Tumbinsa ya yi ta sallama ba mai amsawa,
Ya sauka yana tambayar ko tana rage kitse.
Baraka kuwa, uwar ɗakina, na kama ta da hantsi
Ta ɗora mata garin gero a rariya.

Ran kwana na ashirin da uku kuran ya ɗauke
Ina tsakiyar hamada.
Ɗakin ya yi tsit. Haulatu ta tafi lakkol.
Sandar ta zame, ta kwanta can bakin gado.
Na tsaya bisa faifan da ya mutu,
Ƙafafu na ta zuma su kaɗai,
Kamar inji bayan an zare makulli.
Na ce da ta hagu: ke, mun sha lalacewa a daji,
Ba mu taɓa kwana muna jiran mai ja ba.
Ta yi shiru.
Sannan babban yatsa ya ɗaga kai, ya duba hanya.

Ban ce injin ne ba, ban ce Sahiya ce ba,
Ban san rabon kowa a cikin wannan lada ba.
Tawa zuwa Arlit na san adadin ramukanta,
Gado zuwa ƙofa taki tara ne, na ƙirga.
Na yi huɗu, na kama bango, na huta,
Gumi na zuba kamar na canja taya.
Gobe in kuran ya dawo, a ce wa Haulatu
Ta zo da wuri, direba na da sauran tafiya.