Tukwanen Idwal

A Tregaron, kaka na ƙarewa,
kakana Idwal ya juye buhu a tebur.
Na ce, albasa ce?
Ya ture hannuna. Guba ce, Nesta,
ɓera ma ya san ta.

Gwiwarsa ta daina durƙuso a lambu,
sai tukwane bakwai a bakin ƙofa,
ɗaya tsohon bokitin madara ne
da ya huda wa gindi da ƙusa.
Dafodil na son sha, in ji shi,
ba ta son kwana a jiƙe.

Tsini sama. Zurfi ninki uku na tsayinta.
Na binne guda a kife, ban faɗa ba.

Sanyi ya zo ya zauna.
Wata huɗu tukwanen ba su ce uffan ba,
shi kuma tari ya kwantar da shi.

A Maris suka buɗe,
rawaya kamar gwaiduwar ƙwai,
kowacce da ƙahonta tana kallon hanya.
Na ɗaga labule, ya ƙirga daga gado:
talatin da tara. Saura ɗaya.

Tawa ta zo a makare, wuya a karkace,
ta kewayo cikin duhu ta nemo sama.

Yanzu na tsinke busassun kawunan.
Maƙwabciya ta ce in yanke ganyen, ya yi muni.
Na ƙi. Mako shida, haka ya ce,
ganyen da ke mutuwa shi ke ciyar da furen baɗi.