Baƙon Toryalai

Bas ta sauke ni a Alum Rock da la'asar sakaliya,
ruwan Ingila na zuba, wanda ba ya tsawa, ba ya gajiya.
Adireshin hannuna ya jiƙe, tawada ta koma shuni,
wayata ta mutu tun muna hanya.
Na raɓe a rumfar wani kanti
kamar kazar da aka manta a waje.

Tsoho ya leƙo, hular ulu kamar faifai a kansa,
gemu ja da lalle. Ya ce, "Starai ma she."
Ɗansa Zalmai ya fassara: wai kada ka gaji.
Na yi dariya, haƙorana na kaɗawa.
Ashe bayan duwatsun duniya akwai wasu
masu tambayar gajiya kafin su tambayi suna.
Na ce, "Ba gajiya," alhali ƙarya nake yi.

Ba wanda ya ce daga ina sai da na ƙoshi.
Gurasa tsawon damtse da zafin tanderunta,
daƙaƙƙen nama, faffaɗa kamar tafin takalmi, yana iyo cikin kitse,
koren shayi a finjali, ba madara,
in na ɗaga hannu, Toryalai ya ƙara cikawa.
Na zaro fam goma, fuskarsa ta haɗe kamar hadarin gabas.
"Melma," ya ce, ya dafa ƙirji. Baƙo ke nan.
Na mai da kuɗina aljihu, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Kwana huɗu na yi a ɗakin saman kanti.
Zalmai ya ja ni titi, tun daga masallaci har gada:
rumman jibge a kwali, busasshen inabi,
awarwaron zinariya bayan gilashi mai kauri,
yadi na ƙyalli, mai gyaran waya na ciniki da ido,
mai aika kuɗi Peshawar ba ya ko ɗaga kai.
Kantin Kwari ne aka sa wa rigar sanyi.

Amma bayan buhunan basmati akwai allon da ke zamewa.
Na gani da dare, ban yi niyya ba:
kwalayen sigari da rubutun ƙasar da ban sani ba,
naswar a ƙulle cikin leda, kore shar,
'yar'uwar asarar da kakata ke cusawa a leɓe.
Mai saye ba ya furta komai,
yatsa biyu a baki, fam biyar ƙarƙashin jarida.

Na gane warin abin.
Ubana ya yi shekara tara tsakanin Illela da Ƙonni,
jarkokin fetur a bayan mota, fitila a kashe.
Da kuɗin fasa-ƙwauri aka saya mini fensirin farko.
To, wa zan yi wa wa'azi?

Ranar Laraba suka zo, su shida da kare mai dogon kunne.
Karen bai yi shawara da kowa ba, ya nufi allon.
Wata jami'a ta nuna ni da biro: "Wannan fa?"
Toryalai ya shiga tsakaninmu, tsoho mai ciwon gwiwa,
ya ce, "Baƙona ne. Shayi kaɗai ya sani a gidan nan."
Suna ƙirga kwalaye yana ɗora buta,
ya jera finjali shida a kan kanta.
Ba wanda ya taɓa.
Ƙaraminsu dai ya kalli tururin sau biyu.

Da magariba takarda na manne a ƙofa.
A bakin titi ya miƙo mini leda, rumman biyu a ciki,
yana ba ni haƙuri, ni,
wai baƙo ya ga abin da bai kamata ba.

A bas na fasa guda, ruwansa ya ɓata mini riga.
Ban san abin da alƙali zai ce ba, kuma da gaskiyarsa.
Ni dai shekara uku ina ƙasar nan,
mutum ɗaya ya tambaye ni gajiya.