Bakin Gaɓa

Ƙarfe biyu saura kwata suka turo mini shi,
gadon yana kukan ƙafa ɗaya kamar kullum.
Takarda ta ce: Shu'aibu Maitaru, daga Dadin Kowa,
shekara sittin da 'yan kai, ƙaba ce ta murɗe.
Likita ya tuɓe safar hannu ya tafi neman shayi.
Saura ni, da agogon bango, da numfashin mutum.

Aikina ke nan a Gombe, shekara goma sha ɗaya:
wasu su nutsar da mutum,
ni in tsaya a bakin gaɓa.

Na kishingiɗar da shi kada amai ya sarƙe shi,
na tallafi haɓarsa da yatsu biyu
don harshe ya ba iska hanya.
Na'ura na ƙirga bugun zuciya, ni ma ina ƙirgawa,
don na ga daren da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi,
aka bar ni da yatsuna kaɗai a kan jijiya.
Sannu a hankali leɓɓansa suka bar launin toka.

Sai karkarwa.
Ko a tsakiyar bazara, garin nan na dafa ƙwai,
masu dawowa daga can da sanyi suke dawowa.
Bargo biyu na lulluɓa masa,
da zanen da matarsa ta miƙo ta taga,
mai ƙamshin hayaƙin banda.

"Baba Shu'aibu, buɗe ido. Matsa hannuna."
Shiru.
"Baba, ka ji ni?"
Hannun da ke jan taru tun ban zo duniya ba
ya lalubo nawa, ya riƙe da yatsa uku.

Ya yi magana, amma ba da ni ba.
Wani Isiyaku yake kira:
"Riƙe gorar, ga ni nan, kada ka saki."
Sau uku ya faɗa.
Hawaye ya gangara ya shige masa kunne,
na share da gefen auduga.
Takardata na da gurbin awon jini,
da na fitsari, da na zafin jiki.
Ba ta da gurbin Isiyaku.

Can ya ce, "Ruwa."
Na ce tukuna, Baba, hanji bai farka ba.
Na jiƙa auduga na goga masa a baki.
Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tafki
ga shi yana tsotsar ɗigo yana godiya.

Da idonsa ya tsaya a fuskata sai ya ce,
"'Yata, wai yaushe za a fara aikin?"
Na ce an gama, har an ɗinke.
Ya shafa bandeji kamar mai duba aljihu a kasuwa.
"To isha fa?"
Na ce asuba ma tana hanya, ka rama duka.
Ya ɗan ɓata rai, shi ke nan na san ya iso.

Ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya ɗaga kai da kansa.
Na sa hannu, suka tura shi ɗakin maza.

Jibi zai sa wa likita albarka,
wataƙila har ya aiko masa da ƙullin karfasa.
Ni kuwa, in mun haɗu a Tashar Dukku,
zai raɓa ni ya wuce.
Maganin barci yakan tafi da fuskar farko da aka gani.
Ban riƙe shi da laifi ba.

Na yaye zanen gado, na shimfiɗa wani.
Na sha ragowar kunun da ya huce tun magariba.
Sunan nan dai ya ƙi barin bakina,
na yi wa mai shi addu'a ban san ko yana raye ba.

Daga ƙarshen baranda
ƙafar gadon ta sake fara kuka.